Me Ya Sa Siraran 'Yan Tseren Keke Suke Fin Ƙarfafa a Kan Dutse?

Idan kana kallon gasar Tour de France, za ka lura cewa a shimfiɗaɗɗen titi majiya ƙarfi ne suke jan ragama, amma da an fara hawan dutse sai siraran su bar su a baya.

A fili, iska ce babbar abokiyar kokawar mai keke. Shi ya sa za ka gan su a jere, na gaba yana tare wa na baya. A kan dutse kuwa gudu yana raguwa, turjiyar iska ta yi sauƙi, sai ya zama nauyinka kake ɗagawa.

Ɗauki hawan Alpe d'Huez a Faransa: kilomita 13.8, kwana 21, kuma a kowace mita 100 titin yana tashi kamar mita 8. Kafin ka kai ƙololuwa ka ɗaga kanka da kekenka sama da mita 1,000. Kowane kilo sai ka biya kuɗinsa da tsoka. Don haka masu horarwa ba yawan ƙarfi kaɗai suke aunawa ba, suna raba shi da nauyin jiki. Keken ma ana rage masa nauyi, sai dai doka ta hana ya gaza kilo 6.8.

Ga kuma numfashi. A tsayin mita 1,850, iskar oksijin da ke shiga huhunka a kowane shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mazauna tuddai jikinsu yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Egan Bernal, ɗan Kolombiya da ya lashe gasar a 2019, ya tashi ne a Zipaquirá, garin da tsayinsa ya haura mita 2,600.