Idan Jirgi Ya Tsaya A Gaɓa, Ina Za A Kai Yara?

Wani mai sauraronmu da ke zaune a Birmingham ya rubuto mana wasiƙa, ya ce shi da maiɗakinsa sun yi shekara biyu suna tanadi domin su kai 'ya'yansu uku yawon shan iska cikin jirgin ruwa a Bahar Rum, lokacin dogon hutun makaranta. Babban yana da shekara 12, mai bi masa tana da 9, autan kuwa 6. Ya biya kuɗin jirgi, sai kuma kamfanin ya aiko masa da dogon jerin wuraren da ake kai fasinjoji ziyara a duk tashar da aka tsaya, kowane wuri da nasa kuɗin dabam. Tambayarsa ita ce: a cikin waɗannan, wanne ya dace da yara?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba shi kaɗai ta shafa ba. Tun daga 2021 aka fara irin wannan tafiya daga Jidda zuwa tashoshin Bahar Maliya, saboda haka 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya ma suna iya samun kansu cikin irin wannan shawara.

Da farko ya kamata a fahimci yadda jiragen nan suke aiki. Galibi da dare suke tafiya, su isa tasha da safe wajen ƙarfe bakwai ko takwas, sa'an nan su tashi da yamma wajen ƙarfe biyar ko shida. Wato abin da mutum yake da shi a tudu bai fi awa tara ko goma ba, kuma a cikin wannan ne za a cire lokacin fita daga jirgi, da na tafiya, da na komowa. To, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin sunan garin da aka rubuta a takardar tafiya sau da yawa ba shi ne inda jirgin yake tsayawa ba. Idan ka ga an rubuta Roma, jirgin a Civitavecchia zai tsaya, wajen kilomita 80 daga birnin, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a motar safa idan hanya ta yi kyau. Idan an rubuta Alƙahira, a Iskandariyya ko Port Said za a sauka, kuma daga Iskandariyya zuwa dalar Giza ya haura kilomita 200, wajen awa uku zuwa, awa uku komowa. Haka nan daga Akaba ta ƙasar Urdun zuwa tsohon birnin Petra awa biyu ce, kuma bayan an sauka daga mota sai an ratsa wani matsatsin kwari mai tsawon fiye da kilomita ɗaya kafin a ga shahararren ginin da aka sassaƙa a jikin dutse.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Na ɗauki ɗiyata, tana da shekara bakwai a lokacin, muka bi ayarin da aka ce zai nuna mana Roma gaba ɗaya a rana guda. An tashe ta da asuba, ta yi barci a mota, ta farka a cikin dogon layi, ɗan jagora yana gaba da 'yar tutarsa yana zuba tarihin sarakuna, mu kuwa muna baya muna neman makewayi. Da muka koma jirgi na tambaye ta abin da ta fi so a ranar, sai ta ce wata kyanwa da ta gani kwance a kan kango. Laifin nawa ne, ba na Roma ba. Tun daga ranar nake duba abu biyu kafin in biya ko kwabo: awa nawa za a yi a cikin mota, awa nawa kuma za a yi a tsaye. A ganina, idan tafiyar mota ta wuce awa ɗaya da rabi kowane gefe, yaron da bai kai shekara tara ba zai fi shan wuya bisa ga abin da zai ƙaru da shi.

Bari mu ɗan tsaya a Napoli, domin ita ce misali mafi kyau na zaɓin da ke gaban iyaye. A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garuruwan da ke gindinsa. Biyu daga cikinsu, Pompeii da Herculaneum, an tono su, kuma jirage suna kai mutane duka biyun. Pompeii ita ce ta yi suna, tana wajen kilomita 25 daga Napoli, kuma akwai abin da zai ja hankalin yaro ƙwarai: titunan dutse da sawun ƙafar keken doki ya ƙwaƙule, manyan duwatsun da aka jera a tsakiyar titi don mutum ya taka ya ƙetare ba tare da ya jiƙa ƙafa ba, kantunan sayar da dafaffen abinci da ramukan tukwanensu, da wani gida da aka zana kare a daɓen ƙofarsa ana gargaɗin baƙo. Yaron da ya karanta tarihin Romawa a makaranta, kamar yadda ake koyarwa a firamaren Ingila, zai ga littafinsa ya miƙe tsaye a gabansa. Amma garin yana da faɗi, ya fi kadada 60, inuwa kaɗan ce, ƙasa kuwa ba ta da laushi ga ƙaramar ƙafa. Jama'a ma sun yi yawa, har a ƙarshen 2024 hukuma ta ƙayyade masu shiga ga mutum 20,000 a rana.

Akwai kuma abu biyu da ya kamata uba ya sani tun kafin ya isa. Na ɗaya shi ne siffofin mutanen da suka mutu. A 1863 wani masani, Giuseppe Fiorelli, ya gano cewa gawarwakin da suka ruɓe sun bar gurbinsu a cikin toka, sai ya riƙa zuba farar ƙasa a gurbin, siffar mutum ta fito yadda mutuwa ta same shi, wani a durƙushe, wani ya rufe fuska. Ɗan shekara 12 zai tsaya ya yi tambayoyi, ɗan shekara 6 kuwa yana iya kwana da abin a ransa. Na biyu, a cikin gidajen da 'yan jagora suka saba kai mutane akwai wanda zane-zanen bangonsa ba na idon yara ba ne. Babu laifi mutum ya ja ɗan jagora gefe tun da fari ya ce da iyali yake tafe.

Herculaneum ta fi kusa da Napoli, ta kuma fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana iya zagaye ta cikin awa biyu. Abin da ya rufe ta ya fi na Pompeii kauri, har wajen mita 20, shi ya sa benaye suka tsira, har da katakon ƙofofi da na gadaje, sun ƙone sun zama gawayi amma suna nan. A can ma akwai ƙasusuwan mutane wajen 300 a rumfunan bakin tsohuwar gaɓa, sai dai a wuri guda suke, mai son kauce musu yana iyawa. Da ni ne mai wasiƙar nan, da yara uku masu wannan tazara, Herculaneum zan ɗauka da safe, in komo jirgi cin abincin rana. Wani abin sauƙi kuma, wuraren tarihi na gwamnatin Italiya ba sa karɓar kuɗin shiga daga wanda bai kai shekara 18 ba, saboda haka yana da kyau a duba ko kamfani ya rage wa yara kuɗi daidai da haka.

Sai batun zafi. Kada wanda ya tashi a Kano ko Yamai ya raina ranar Girka, balle yaran da aka haifa a ƙasar sanyi. A watan Yuli na 2023 sai da hukuma ta riƙa rufe tsaunin Akropolis na birnin Atina da tsakar rana saboda tsananin zafi, kuma duwatsun wurin suna da santsi. Tsibirin Santorini, wanda hotunansa suka cika takardun talla, manyan jirage ba sa iya matsawa gaɓarsa, sai a ɗebi mutane a ƙananan jirage, daga nan kuma a hau garin ta keken da ke bin igiya a sama, ko bisa jaki, ko a taka matakala kusan 600. Ranar da jirage da yawa suka haɗu, layin komowa yakan yi tsawo cikin rana. Wuri ne mai kyaun gani, amma kyaun gani abin manya ne.

Tashoshin da suka fi daɗi da yara su ne waɗanda ba a cika yi musu talla ba. A Valletta, babban birnin Malta, jirgi yana tsayawa a gindin ganuwa, akwai kuma na'urar hawa mai tsawon mita 58 da ke kai mutum lambun Barrakka, inda ake buga igwa da ƙarfe 12 na rana. Ba a bukatar ayari ko ɗan jagora. A Genoa akwai babban gidan kifaye da aka buɗe a 1992, ba nisa da inda jirage suke tsayawa. Daga Kusadasi ta Turkiyya zuwa kangon Afisa kuwa wajen kilomita 20 ne kawai, kuma idan aka shiga ta ƙofar sama gangara ce har ƙasa, a ƙare a dandalin wasa mai ɗaukar mutum wajen 25,000. Kusa da nan akwai kogon da wasu suke cewa na As'habul Kahfi ne, ko da yake akwai wurare a Urdun da kudancin Turkiyya da su ma ake faɗa musu haka. Abin lura a nan shi ne a karanta bayanin ziyarar har ƙarshe: inda aka ce za a tsaya a nuna sana'ar gargajiya, sau da yawa kantin darduma ake nufi, kuma awa guda a kantin darduma daidai take da yini ga ɗan shekara 6.

To, a bi ayarin jirgi ne ko mutum ya shirya nasa? Na jirgi ya fi tsada, kuma ba ka da iko a kan saurinsa. Amma yana da fa'ida ɗaya babba: idan motar ayarin ta makara, jirgi yakan jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutane tasha ta gaba. Wanda ya fita don kansa ya makara, sai dai ya ga jirgi a kan ruwa, kuma kuɗin cim masa daga aljihunsa ne. Saboda haka inda hanya take da nisa, irin Roma ko Alƙahira ko Petra, a bi ayarin jirgi, a nemi gajeren ciki. Inda gari yake bakin tasha, a fita da ƙafa ko a ɗauki tasi, a komo lokacin da yara suka gaji. A tuna ana rufe ƙofar jirgi yawanci rabin awa kafin tashi, kuma agogon jirgi wani lokaci yakan saɓa da na garin, wayar hannu kuwa na garin take bi.

Ziyarar da ta ƙunshi iyo ko tuƙa kwalekwale tana da ƙa'idar shekaru, a tambaya kafin a yi wa yaro alkawari. Abinci a tudu ba lalle a sami na halal ba sai a Turkiyya da Masar da Urdun, amma a Italiya da Girka kifi da taliya da kayan lambu ba sa wuyar samu. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Ghana yana bukatar bizar Schengen, kuma idan jirgin zai leƙa Turkiyya ya komo Girka ko Italiya, sai ya nemi mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, shi da kowane yaron da ke riƙe da irin fasfonsa. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai ke tafe da yaran, ana iya neman takardar amincewar ɗayan.

Ga mai wasiƙarmu, wanda jirginsa zai tsaya a tasha biyar cikin kwana bakwai, shawarata ita ce ya sayi ziyara biyu kacal daga kamfani, kada kuma su zo a jere. Ya shimfiɗa taswira ya bar babban yaron ya zaɓi ɗaya, ta tsakiya ta zaɓi ɗaya. Sauran kwanakin ya fita da su awa biyu ko uku da safe, kowa da hula da gorar ruwa, kowa kuma da 'yar takarda a aljihu mai sunan jirgin da lambar wayar wakilinsa na tashar, wadda ake bugawa a takardar labarin da jirgi ke fitarwa kowace rana.