Shirin Ziyarar Gandun Dajin Yankari

Duk lokacin da hutu ya gabato, za ka ji ɗalibai suna marmarin zuwa Yankari kallon namun daji. Abu ne mai kyau, amma tafiyar tana son shiri tun daga gida, don kada a yi asarar kuɗin iyaye, kada kuma a cuci dabbobin da aka je gani.

Wannan gandu yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Abin da za a fara dubawa shi ne lokaci. Da damina ciyawa takan yi tsawo, ruwa ya samu ko'ina, dabbobi su watsu cikin daji. Sai mutum ya yini a mota bai ga ko wutsiyar gwanki ba. Amma daga Janairu zuwa Afrilu tafkuna sun ƙafe, tilas giwaye da ɓauna da gwambaza su gangaro Kogin Gaji shan ruwa. A nan ake ganinsu, musamman da sassafe ko da la'asar. Da tsakar rana suna inuwa, kamar yadda kowane mai hankali zai yi.

Ba a shiga daji sai da jagora daga ma'aikatan gandun, kuma ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. Ihu da tafi suna korar dabba. Giwa mai ɗa kuwa ba ta gudu, kan motar take yowa.

A masaukin Wikki akwai bika da yawa, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Wani ya jefa musu burodi don a yi dariya. To, bikan da ya saba da abincin hannu ba ya jira a ba shi, fizgewa yake yi, har ɗaki yakan shiga in an bar ƙofa a buɗe. A ganina laifin na baƙi ne, ba nasa ba. A rufe abinci cikin jaka, a tattara leda da kwalabe a fito da su. Haka ma ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ba ya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina: a yi iyo, amma kada a mai da shi wurin wanki.

Kada kuma a sayi haure ko fatar naman daji a hannun kowa. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma garken Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Mafarauci ba ya harbi sai ya san akwai mai saye.

Iyaye da malamai su tuntuɓi hukumar gandun kafin ranar tashi, a ji kuɗin shiga da na ɗaki da halin da hanya take ciki. A tashi da wuri don a isa da sauran rana, domin daga ƙofar gandun zuwa Wikki ma akwai tafiyar wajen kilomita 40.