Funfunar Ruɓaɓɓen Itace: Makamin Wanke Ƙasar da Nakiya ta Gurɓata

Ko bayan an daina yaƙi an rufe masana'antar makamai, dafin nakiya yakan zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. Sinadarin TNT, wanda Bajamushe Julius Wilbrand ya fara haɗawa a 1863, yana manne wa ƙasa, kuma yana lahanta hanta da jini. Takwaransa RDX kuwa ruwa yake bi har ya isa rijiyoyi. Wannan ne ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta dakatar da atisayen harbin manyan bindigogi a sansanin soja na Cape Cod a 1997, don kare ruwan shan da ke ƙarƙashin filin.

Hanyar da aka saba ita ce a haƙe gurɓatacciyar ƙasar a ƙone ta. Aikin yana cin maƙudan kuɗi, kuma ƙasar da ta fito ba ta da sauran albarka.

Masana sun hango mafita a jikin wata farar funfuna, dangin naman kaza, mai ruɓar da matattun itatuwa. Domin ta ci itace, sai ta fitar da sinadaran narkarwa masu farfasa liginin, wato abin da ke ba itace tauri. Waɗannan sinadarai ba sa zaɓe. Duk abin da ƙirarsa ta yi kama da liginin, far masa suke yi. A 1990, masu bincike a Jami'ar Jihar Utah suka nuna cewa nau'in Phanerochaete chrysosporium yana rushe TNT a ƙasa da ruwa, har wani kaso ya koma iskar kabon.

A aikace, ana renon funfunar a kan ɓawo ko garin katako, a cuɗa da ƙasar, a tara tsibi, a riƙa ba shi iska da danshi. Sai dai dabarar tana da iyaka. Idan TNT ya yi yawa yakan hana funfunar girma, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar suna gogayya da ita, kuma aikin yakan ɗauki makonni ko watanni.

Najeriya ta ga fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairu, 2002, kuma har yanzu ana kwance bama-bamai a Arewa maso Gabas. Funfuna ba ta kwance bam. Aikinta yana farawa ne bayan sojoji sun gama nasu, kuma sai an fara gwada ƙasa da ruwan rijiya kafin a san inda za a zuba ta.