Me Waƙar Ɗan Bindiga Take Faɗa, Me Kuma Take Ɓoyewa?



Shekaranjiya a Funtua na tsaya wajen mai cajin waya, sai na ji wani ƙanena yana sauraron waƙar nan ta yabon Bello Turji, har yana gyaɗa kai. Na ce, "Kai, ka san me ake faɗa kuwa?" Ya ce, "Yaya, kiɗan kawai nake so." To yau mu fassara ta.

Irin waɗannan waƙoƙi kirari ne, kuma dabara uku suke yi. Ta farko, suna mayar da gudu jarumta: mutumin da hukuma ke nema, yana ɓoye a daji, sai a nuna shi kamar zakin da ya gagara. Ta biyu, suna ba shi sarauta, a kira shi kachalla ko uban dakaru. Ta uku, wadda ta fi ciwo, ba sa ambaton mamata. Babu sunan manomin da aka harbe a gonar masararsa, babu matar da ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa.

Wani zai ce ai marigayi Gambu ma ya yi wa ɓarayi waƙa. Gaskiya ne, amma shi bai ɓoye ba, da sunan sata yake kiran sata. Waɗannan kuwa wanke mai kisa suke yi.

Mun ga inda wankin yake kaiwa. A watan Yunin 2020 aka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari. 'Yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama Ado Aleru. A Yulin 2022 sai ga shi an naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji ta Zamfara, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Kun gani? Yabo ne ke share wa rawani hanya.

Ban ce a doki yaro ko a fasa wayarsa ba. Ka zauna da shi, ka tambaye shi: a cikin waƙar nan, ina mutanen Kadisau? Ƙanen nawa dai shiru ya yi, ya kashe wayar.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako na gaba.