Kafin ka saka wa tsohuwar Hilux sabuwar rediyo, fara tayar da allurorin dashbod

Ɗan uwa, tsakaninka da Allah, yaushe rabon da ka ga allurar zafin injin motar gidanku ta motsa? Shiga tasha a Ƙaura Namoda ka leƙa gaban direban tsohuwar Hilux ko Land Cruiser. Sau da yawa za ka tarar da sabuwar rediyo mai allo da fitilu masu launi, irin waɗanda ke kyau a TikTok. Amma allurar mai tana kwance, ta gudu ta daɗe da mutuwa, wata jar fitila kuma an manna mata sitika don kada ta dami kowa.

A cikin gari abin dariya ne. A hanyar Shinkafi kuwa, ko wadda ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya, babu mai son mota ta mutu masa a daji da yamma, kuma kowa ya san dalili. Allurorin nan su ne kaɗai bakin da mota ke gaya maka tana da ciwo tun kafin ta faɗi.

Gyaran ba ya cin kuɗin da kake zato. Fara da cire wayar batir, sannan ka kwance dashbod ɗin. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya. A bayan allon akwai siraran layukan tagulla, ƙurar hunturu da raɓar damina ke sa su tsatsa. Ka goge da burushi mai laushi, ka duba fiyus, ka duba wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin mota. Idan ita ce ta saki, allurori za su riƙa yi maka ƙarya. Gilashin gaban kuma roba ne, kada fetur ya taɓa shi, zai dushe.

Allurar zafi ita ce babba. A tsofaffin motoci, wata 'yar na'ura ce a jikin injin ke aika mata saƙo ta waya guda. Mai gyaran wayarin zai kunna makulli, ya zare wayar ya taɓa ta da jikin injin na ɗan lokaci. In allura ta haura zuwa H, lafiyarta ƙalau, na'urar ce za a canza. Amma ka riƙe wannan: idan ruwan lagireto ya tsiyaye gaba ɗaya, allurar tana iya ƙin hawa alhali injin na ƙonewa, domin ruwan take aunawa. Don haka duba ruwa da safe bai faɗi ba.

Ta mai fa? Cikin tanki akwai wani abu mai yawo a saman man, yana hawa yana sauka. Shi ne ke maƙalewa ko ya cinye, ba lallai allurar ba.

Sai jajayen fitilu 2: ta baƙin mai da ta batir. Da ka murɗa makulli dole su kama, injin na tashi su mutu. In ba su kama ba, ƙwan ya ƙone ko wani ya cire shi. Ta baƙin mai ta kama kana cikin tafiya? Kashe injin da zarar ka samu inda za ka tsaya, mintuna kaɗan sun isa ya buga. Ta batir kuma, a wasu tsofaffin motoci ta cikin ƙwanta wuta ke bi ta tayar da caji, shi ya sa maye shi da LED ke iya hana batir cika. Kada ka raina fitilar 4WD ma. Ka manta ba ka cire giyar ba bayan ka fita daga yashi ka hau kwalta, tayoyi da giya ne za su biya.

Allurar gudu yawanci kebur ɗinta ne ya tsinke, kuma ana samunsa wajen masu kayan gyara a Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano. In ka sayo dashbod na hannu, tabbatar na irin motarka ne, don na fetur da na dizal sukan bambanta. Lambar kilomita kuwa a bar ta yadda take. Mayar da ita baya don a yaudari mai saye ha'inci ne, ba gyara ba.

Ko ba motarka ba ce, kana da bakin magana. Ranar da za ka hau ta haya, leƙa gaban direba idan ya murɗa makulli. In babu abin da ya kama, tambaye shi cikin ladabi: "Direba, ya za mu san in ta yi zafi?" Allah ya kai mu lafiya.