Kallon Da Da Kallon Yanzu: Me Muke Kewa?

Duk inda iyaye suka taru, ko a gidan biki ko a ƙofar gida bayan an ci tuwo, ba a daɗewa sai wani ya ta da zancen kallon da. Wannan ya tuna majigi, wancan ya tuna silima, ƙaramin cikinsu kuwa ya ce shi Mario ne ya hana shi barci. A yi ta dariya, daga ƙarshe a ce, "Ai yanzu babu irinsu." To, masu karatu, bari mu dubi wannan magana da kyau. Shin finafinan ne suka fi na yanzu kyau, ko kuwa wani abu ne dabam ya ɓace mana?

Manyan cikinmu da majigi suka fara. Tun zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Jihar Arewa tana aika motoci ƙauye ƙauye da injin wuta da farin ƙyalle. Da la'asar sai sanƙira ya zaga gari yana shela. Kafin magariba yara sun cika filin makaranta ko ƙofar fada, kowa da 'yar tabarmarsa. Ba a biyan ko anini. Abin da ake nunawa kuwa, in an bi ta gaskiya, darasi ne: yadda za a tsabtace rijiya, amfanin allurar rigakafi, rangadin Sardauna, da noman auduga kamar a fim ɗin Baban Larai. Akwai mai fassara riƙe da lasifika, yana ƙara gishiri a inda ya ga dama. Sau da yawa barkwancinsa ya fi hoton daɗi. Bayan motar ta tafi, sai a yi wata guda ana maimaita labarin a bakin rijiya da dandali, har makahon gari ya iya ba da shi daga farko zuwa ƙarshe.

A birane kuwa sai silima. Kano tana da Rex tun 1937, daga baya aka sami Palace da Plaza da sauransu, yawancinsu fili ne da katanga ba rufi. Iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, ba su yarda 'ya'yansu su je ba, gama suna ganin wurin matattarar 'yan iska ne. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara musu ƙarfin hujja. Duk da haka samari sun yi ta zuwa a ɓoye. Finafinan Indiya su ne suka kama zuciyar mutane, irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975. Ba mai jin Indiyanci, amma kowa ya gane auren dole da kunyar suruki da zaluncin mai kuɗi, domin duk akwai su a gidajenmu. Har sunaye aka raɗa wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Na Bruce Lee kuwa, wanda ya rasu a 1973, sun sa yara da yawa targaɗe a bayan aji.

Sa'an nan telebijin ya shigo. Tashar Kaduna ta fara a 1962, ta Jos kuma ita ce ta fara nuna hoto mai launi a ƙasar nan a 1975, kafin a haɗa tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. A unguwa guda sau da yawa gida ɗaya ne ke da akwati. Tashar ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe 4 na yamma. Yaro zai gama ɗiban ruwa da shara da sauri, ya wanke ƙafa, gama matar gidan ba ta barin mai ƙura ya hau mata tabarma. Waɗanda ba su sami wuri ba su leƙa ta taga. A nan muka san Samanja da Karkuzu, da tatsuniyoyin Tales by Moonlight da aka fara a 1984, da Voltron, da kuma Tom da Jerry.

Wannan kyanwa da ɓera sun cancanci a tsaya a kansu kaɗan. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro su a Amurka a 1940, domin gidajen silima, ba domin yara kaɗai ba. Kusan ba sa magana, saboda haka kaka wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana dariya daidai da jikanta ɗan sakandare. Labarin ma ba baƙo ba ne gare ta. Ƙarami mai wayo yana ka da babba mai ƙarfi, ai halin Gizo ke nan.

Na bayanmu su suka tarar da wasan bidiyo. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urarsa ta gida a 1983, da Super Mario a 1985, daga baya kwaikwayonta masu araha suka cika kasuwanninmu. An rubuta a jikin kaset wai wasanni dubbai ne a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. In ya ƙi kamawa sai a zare a hura masa iska da baki, ko da yake cirewa da mayarwar ne ke gyara shi, ba iskar ba. Abin riƙewa biyu ne, yara goma. Dokar kuwa kowa ya san ta: wanda ya faɗi ya miƙa wa na gaba. Yaro ya koyi jiran layi a nan fiye da yadda wa'azi zai koya masa.

Yanzu kusan dukan waɗannan suna nan a YouTube, kyauta. Iyaye da yawa sun gwada nuna wa 'ya'yansu, cike da ɗoki, amma kafin minti biyar yaro ya fara hamma. Mu kanmu in mun zauna mun kalli Voltron a yau, za mu ga kusan labari ɗaya ne kowane mako: dodo ya zo, zakuna biyar su haɗu, a sare shi da takobi. Kada kuma mu ce na da duk tsabta ne. Akwai shan taba da duka da ramuwar gayya a cikinsu, ba kaɗan ba.

A ganinmu, abin da muke kewa shi ne jira da taro. An jira mako guda, shi ya sa rabin sa'a ta zama kamar biki. An kuma kalla tare da mutum talatin. In abin kunya ya fito, babba zai yi gyaran murya ko ya aiki yara sayen ashana. In abin tsoro ne, ga yayarka a gefe. In an ɗauke wuta ana tsakiyar fim, sai a koma waje a yi ta gardamar yadda zai ƙare. Ba yaron da ya ga wani abu wanda manyansa ba su gani ba.

Nan ne damuwar take. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, allon ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma na mutum ɗaya. Yaro yana cikin ɗaki, abin ji a kunne, uwa tana murna ya yi shiru, amma ba ta san wanda ke yi masa magana ba. Wani bidiyo na ƙarewa wani ya fara da kansa, babu tashar da za ta rufe da taken ƙasa ta ce a je a kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ajiye jariri a gaban allo sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a ɗaya a rana.

Ƙwace waya da faɗa ba ya daɗewa, gama yaro zai aro ta maƙwabci. Mun san gidajen da suka bi wata hanya. Sun ware daren Asabar, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kira 'ya'yan maƙwabta, a soya gyaɗa. Wannan mako uba ne zai zaɓi fim, mako mai zuwa yara. Wayoyi duka, har da ta maigida, suna cikin kwano a ɗaki. In wasan bidiyo ne, abin riƙewa biyu kawai ake fitarwa, tsohuwar doka kuma tana nan: wanda ya faɗi ya miƙa, ko da Baba ne.