Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama?

Maniyyacin da ya taso daga Gwarzo zai yi tafiyar kimanin kilomita 70 a mota, ya ratsa ta yankin Kabo, kafin ya isa filin jirgin saman Malam Aminu Kano.

Daga nan zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe hanya.

Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kusan kilomita 850 a awa guda, don haka tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar, idan aka haɗa da tashi da sauka.

Abin da ke rikita matafiya da dama shi ne bambancin agogo, domin Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar a sama, zai sauka da ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda, alhali ƙarfe 3 ne a gida.

Sai dai ba kullum ake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, lamarin da ya tilasta wa jiragen alhazan wannan shekara yin zagaye. Hakan ya ƙara tsawon tafiyar da yawan man da ake sha, kuma kuɗin jigila ya ƙaru.